Tambayi Kawu: Wa ya ci gidan Alhaji?

Jama'a salamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan satin saƙonnin da suka shigo kusan duk maganarsu ɗaya ce, wasan kwaikwayon nan da wasu yara matasa suka yi a gidan matasa na nan Damagaram (Zinder) daren Asabar, dan haka tambayoyin da na yi alkawarin amsawa na ajiye su gefe, masu su a yi min afuwa. Na je da ƙafata, na biya dala arba'in ɗina kamar kowa, na samu wuri a benci na uku kusa da wata hajiya da ta zo da jikanta.

Ga wanda bai je ba, ga labarin a gurguje. Alhaji dillalin fata ne a unguwar Birni, mata biyu, gida babba mai zaure. Kasuwa ta karye masa bai gaya wa kowa ba, ya ɗauki takardar gida ya kai wa wani amininsa jingina ya karɓo kuɗi, ya ci gaba da yanka rago biyu duk layya ana fitar da tuwo zaure kamar da. A cikin dangi mutum ɗaya ce ta sani, ƙanwarsa da kowa ke kira Gwaggo, ita ma sai da ya sa ta rantse. Ya yi jinya a ɗakin amarya ya rasu. Bayan sadakar arba'in aka buɗe adaka, ba kuɗi ba takarda. Babban ɗa, ɗan uwargida, wanda ake ce ma Yaya, ya ce amarya ce ta kwashe tunda mabuɗin a haɓar zaninta yake. Ya kira magini aka ja katanga ta raba tsakar gida biyu, famfo ya faɗa ɓangarensu. Auta ɗan amarya, yaro ɗan shekara 17, ya kasa jure ana kiran uwarsa ɓarauniya, ya sulale Agadas wai zai tsallaka Libiya ya nemo kuɗi ya wanke ta. Bai kai ba. Ranar da yaron mota ya kawo labarin, ranar ce aminin Alhaji ya yi sallama da takarda a aljihu.

Tambaya: Kawu ina wuni, da fatan kuna lafiya ku da iyali. Ni ɗaliba ce a lise, wato babbar sakandare, bana za mu yi bak, jarrabawar fita. Mushenmu, wato malaminmu na Faransanci, shi ya kai mu kallon wasan, kuma ya ce kowa ya rubuto shafi biyu a kan halin mutanen ciki. Mun yi ta gardama a aji, ƙawayena sun ce amarya ce muguwar ni kuma na ce Yaya ne, har mun kusa ɓatawa. Dan Allah Kawu ku raba mu, wane ne mugun? Ɗiyarku daga Garin Malam.

Amsa: Lafiya lau ɗiyata, Allah ya ba da sa'ar bak. Sai dai fa raba gardamar da zan yi ba za ta yi wa kowa daɗi ba, dan ke da ƙawayenki duk kun shiga kasuwa neman abin da ba a kasa ba. Ba laifinku ba ne, da tatsuniya aka raine mu, can kuwa tun daga "ga ta nan ga ta nanku" an san kishiyar uwa muguwa ce marainiya kuma ta Allah ce, sai mu ɗauko wannan idon mu shigo da shi ko'ina. Irin wannan wasan na ban tausayi, wanda mushenku zai kira tirajedi, ba haka aka gina shi ba. Wani malamin Girka, Aristotal, ya yi bayaninsa sama da shekara 2300 da suka wuce, kuma a ganinsa wanda ya dace ya faɗi a irin wannan wasa ba tantirin mugu ba ne ba kuma waliyyi ba, mutum ne tsaka-tsaki kamar ni da ke wanda wani kuskure ya kayar. In mugu ya faɗi ai tafi za a yi, wa zai yi kuka? Ya kuma lura cewa abin ya fi taɓa zuciya in tsakanin 'yan gida ɗaya ya faru, wa da ƙane, ɗa da uwa. Kin ga ke nan yaran nan ba su kauce hanya ba.

To ga yadda za ki yi. Ɗauki kaye, littafin rubutunki, ki ja layi uku, kowane mutum ki yi masa tambaya uku: me yake so, me yake tsoro, me ya sani kuma yaushe ya san shi. Ta ukun nan ita ce mutane ke mantawa alhali ita ce ke raba azzalumi da wanda ya yi zalunci cikin duhu.

Mu fara da Yaya tunda shi kika kama. Kin tuna fitowar da ya shiga turakar uban shi kaɗai ya ɗauko babbar rigar ya saka, hannun rigar ya rufe masa yatsu, ya yi ta naɗewa tana saukowa? Ba a ce uffan ba a wurin amma an gama gaya miki ko shi wane ne. Yaro ne da yake son a ce ya gaji ubansa, kuma abin da ke hana shi barci shi ne a zauna a majalisa a ce gidan Alhaji a hannunsa ya lalace. Da ya buɗe adaka ya ga wayam, abu biyu ne a gabansa, ko dai uban da yake bauta wa ya mutu a tsiyace yana ɓoyewa, ko kuma wani ya yi sata. Na biyun ya fi sauƙin haɗiya. Amma kar ki wanke shi tas, ga inda zan ba ki gaskiya: an nuna mana ya yi karatun littattafai a zaure, ya san in mamaci ya bar 'ya'ya matansa duka tumuni suke rabawa, kashi ɗaya cikin takwas, ya san ɗa namiji rabon mata biyu gare shi, ya san kuma kafin a taɓa gado sai an biya bashi. Mai wannan sanin abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya yi cigiya ko akwai mai bin Baba bashi. Bai yi ba, dan ba ya son jin amsar. Ki rubuta wannan.

Amarya kuma, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ba ta ɗauki ko dala ba amma duba kashi na farko yadda take tafiya mabuɗi na kaɗawa a haɓar zani, ta bi ta ƙofar uwargida da sabuwar atamfa tana gyara ɗaurin kallabi, atamfar da mu 'yan kallo muka san da kuɗin jingina aka saye ta. Da hannunta ta haƙa ramin da zargi ya zo ya zauna a ciki. Lokacin da abin ya tashi kuma tana cikin takaba, wata 4 da kwana 10, ba ta fita ta je ta kai kuka wurin danginta, ga girman kai, sau ɗaya ta ce Allah ya gani ta ja bakinta.

Wadda ba wanda ya ambata a ajinku ita ce uwargida, kuma ni ita ta fi ba ni tsoro. Na ƙirga, sau huɗu ta ce "ni dai ban ce komai ba". Gaskiya ne ba ta ce ba. Amma ranar da amarya ta aiko Auta da kwanon tuwo ta tsallaken katanga, wa ta mayar da shi ko buɗewa ba a yi ba? Shekara nawa tana haɗiye baƙin ciki, yanzu ɗanta na yi mata yaƙin da ba ta taɓa iya yi da bakinta ba, kalma ɗaya daga gare ta ta isa ta tsayar da maginin nan, ta ƙi. In za ki auna mutum a wasa kar ki tsaya kan abin da ya faɗa, ki haɗa da abin da ya yi, da abin da yake da ikon yi ya bari.

Tauraron wasan kuwa Alhaji ne duk da ya mutu tun ba a yi rabin awa ba. Kowa a gidan nan rawa yake da kiɗan da ya bari. Kuma abin da ya kayar da shi shi ne abin da ake yabonsa da shi, kyauta da rufin asiri da rashin son a ga gazawarsa. Ki kai wa mushe wannan, amma kowace magana ki jingina ta da fitowar da kika gani, kar ki ce "Yaya mai zafin zuciya ne" ki wuce, ki ce a ina.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne, na ajiye mashin na shiga kallo dan wani abokina na ciki. Muna fitowa aka fara musu a wurin mai shayi, wani ya ce jigon wasan illar mata biyu ne, wani ya ce gado ne, ni kuma na ce duk surutu ne, kwanan yaro ne ya ƙare, ƙaddara ce kawai. Ko ba haka ba ne? Ɗanku daga Zango.

Amsa: Ɗana, ajali na Allah ne, wannan ba mai ja da kai. Amma da iyakar abin da yaran ke son faɗa ke nan da ba su tara mu awa biyu kan benci ba, da sanarwar rasuwa kawai za su ba rediyo. Wasa ba ya tambayar ko yaron zai mutu, sababin yake bi, ta hannun wa da wa abin ya biyo kafin ya iso. Kai ma in aka yi karo a kan hanya ka ce ƙaddara, amma ai kana duba birki washegari.

Gado kuma ba jigo ba ne, filin da aka yi kokawar ne. Jigo shi ne abin da wasan ke faɗa a kan mutane. Akwai gwaji mai sauƙi da nake koya wa yara tun ina riƙe da alli: ka zare abu ɗaya daga labarin ka ga ko ginin zai tsaya. Zare amarya, ka ce matar Alhaji ɗaya. Bashin na nan, adaka wayam, Yaya na nan da tsoronsa, zargin sai ya faɗa kan yaron shago ko wani ƙane ko agola, gidan dai sai ya tsage. Ashe ba mata biyu ba ne tushen, kishi tsagar bango ce kawai da ƙadangare ya samu ya shiga. Yanzu zare shirun. Alhaji ya kira matansa da ɗansa ya ce ku zauna, na karye, gida na hannun wane. Wasan ya ƙare a minti goma, kowa ya tafi gida da canjinsa.

Kuma ka ƙirga masu shirun ka gani. Alhaji ya yi shiru dan kar a ce ya gaza. Gwaggo ta yi shiru dan ta rantse. Auta ya fita da asuba bai yi wa uwarsa sallama ba dan kar ta hana shi. Wanda ya fi ƙona min rai aminin nan ne, mutumin kirki, takarda na aljihunsa tun ranar jana'iza amma ya ga bai dace ya tayar da maganar bashi mata na cikin takaba ba, ya ce bari su fita tukuna. Kara ya yi, irin karar da in ɗanka ya yi za ka sa masa albarka. A cikin wata huɗun nan aka ja katanga, a ciki yaro ya tafi. Duk abin da aka koya mana tun muna yara ne, kunya, kawaici, rufa wa ɗan'uwa asiri, su ne suka taru suka ci gidan, ba boka ba aljani. Shi ya sa mutane suka fito jiki a sanyaye, dan kowa ya san akwai wata magana a gidansu da aka daɗe ana zagaye ta.

Sai ka duba kayan da ke kan dandali, su ma magana suke. Me ya sa famfo? A wani gari ƙila ɗakin ajiya za a yi faɗa a kai, amma a Damagaram inda yaro ke tashi ya san layin jarka da kukan ga-ruwa, ka raba mutum da famfo ai ka gama gaya masa ba ka son zamansa. Auta shi ke fita da jarka biyu kullum ya sayo wa uwarsa ruwa alhali yana jin na gidan ubansa na zuba a bayan katanga. Sannan me ya kashe shi? Ƙishirwa, mota ta lalace bayan garin Dirku, kan hanyar Libiya. Wanda ya tsara wasan bai yi wannan da ka ba. Kuma ba a gaban baƙi aka yi shi ba, a jihar nan ba a manta da 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Da yaron mota ya fara ba da labari ko tari ba ka ji a wurin.

Tambaya: Malam, ni uwa ce kuma abu biyu sun dame ni. Na ɗaya, ana cikin abin kuka sai a sako magini da tsofaffin nan uku na ƙofar gida mutane su yi ta ƙyaƙyata dariya, wannan ba rashin ta-ido ba ne? Na biyu, me ya sa ba su nuna mutuwar yaron ba sai dai labari? 'Yar'uwarku daga Sabon Gari.

Amsa: Hajiya, ni ma na yi dariyar, musamman inda maginin ke auna katanga da taku yana ƙara kuɗi duk taku ɗaya. Ba a iya riƙe mutum cikin kuka awa biyu, zuciya dakushewa take, sai an sassauta igiya sannan in aka ja ta ji. Tsofaffin nan uku kuma ba banza aka ajiye su ba, su ne bakin gari. A wasannin Girka na da akwai 'yan amshi da ke tsayawa gefe suna sharhi kan abin da ke faruwa, to namu 'yan amshin a kan tabarma suke da goro. Ki lura su ne suka fara cewa "ai mabuɗi na wurin amarya", su ne kuma a ƙarshe suka ce dama su sun san ba za ta aikata ba. Dariyar da muka yi musu kanmu muka yi wa.

Mutuwar kuma gara da ba su nuna ba. Su ma Girkawan yawanci a bayan fage ake mutuwa sai manzo ya zo ya faɗa. Da sun shimfiɗa rairayi yaro ya kwanta yana shure-shure wallahi da wani ya yi dariya a baya. Amma yaron mota ya tsaya riƙe da jarkar Auta da aka ɗinke da buhu, ya miƙa wa uwar, kowa ya ga hamadar a cikin kansa. Ana cikin haka ma kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, mutane suka kunna fitilar salula, aka ƙarasa fitowar a haka, har ta fi kyau.

Inda ban yarda da su ba shi ne ƙarshe. Yaya ya ɗauki gatari ya sari katangar sau ɗaya ya zauna a ƙasa, nan ya kamata a rufe. Sai ga wani malami ya fito ya yi mana wa'azin kusan minti goma kan zumunci, abin da muka riga muka sha da ido aka sake ɗura mana ta kunne. Sannan ɗiyar uwargida an bar ta kamar tukunyar ado, shiga da fita kawai, alhali ita ce ke shayar da Auta ruwa a ɓoye ta kan katanga, da an ba ta baki da ta fi malamin nan amfani.

Tambaya: Kawu, ni ɗalibi ne a jami'a. Wannan salon na ban tausayi ba kayan Nasara ba ne aka ɗora mana? Mu ai wasan dariya muka gada.

Amsa: Rabi ka yi gaskiya. Labule da tikiti da raba wasa kashi-kashi ta lakwal, makarantar boko, suka shigo. Amma kwaikwayo kam mun same shi a gida, ga tashe da azumi, ga wasan kara da garin nan ya yi suna da shi inda matasa ke shigar sarki da gwamna da manyan gwamnati suna kwaikwayonsu. Zamanin shugaban Nijar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin matasa na samariya da bikin matasa na ƙasa suka ɗaga teyatur, wato wasan kwaikwayo, sama, a nan Zinder su Yazi Dogo suka yi suna har ƙasa duka ta san su ta rediyo da tele, kuma ƙarfinsu a baki yake, a tsara labari a raba wa kowa matsayinsa maganar ta fito wurin gwaji. Wa'azin ƙarshen nan da na yi ƙorafi a kai ma gadon wancan lokacin ne, da ake son kowane wasa ya fito da saƙon wayar da kai. Ta ɓangaren rubutu kuma jami'ar da kake ciki sunan wa take ɗauke da shi? André Salifou, haifaffen garin nan a 1942, ya rasu a 2022, masanin tarihi ne kuma ya rubuta wasa da Faransanci a kan Sarkin Damagaram Tanimun. Shi kuwa labarin 'yan uba da gado da gida ya watse, je ka zauna wurin kakarka da dare ka ji ko daga Faransa ta samo nata.

Tambaya: Kawu, a taƙaice, Gwaggo ta yi laifi ko ba ta yi ba?

Amsa: Wannan ba sa hannu, amma ita ce tambayar da na kwana da ita. Hajiyar da ke kusa da ni tun ba a tashi ba ta yanke hukunci, ta dafa ni ta ce Malam, kaffarar rantsuwa ai ciyar da miskini goma ne, in babu hali azumi uku, mudu nawa ne abincin mutum goma da za a bar yaro ya tafi? Kuma ta fi ni gaskiya ta fuskar hukunci. Sai dai ni ina ganin ba rantsuwar ce ta ɗaure Gwaggo ba, rantsuwar mafaka ce ta samu. Ku tuna ranar sadakar arba'in, gida cike, ta miƙe ta gyara mayafi ta ce "jama'a akwai wata magana", kowa ya juyo. Daidai nan maroƙi ya ɗaga murya daga zaure yana kirarin marigayi, mai rago biyu, wanda baƙo bai taɓa kwana da yunwa a ƙofarsa ba, mata suka fashe da kuka. Yarinyar da ta fito a Gwaggo, wadda ba ta wuce shekara 20 ba an shafa mata toka a gira, ta tsaya baki buɗe har maroƙin ya kai aya. Uwargida ta ce wace magana ce Gwaggo? Ta ce a'a, dama cewa zan yi a ƙara wa na waje fura.